Ranar da Lasifika Ya Yi Shiru

Yayana ba ya magana, shela yake yi. Idan ya ce a miƙo masa ruwa a falo, mutanen gida na uku sai sun leƙo su ji ko gobara ce ta tashi. Shekara ashirin da takwas ya yi yana jan tirela, yana hira da mutane a kan rurin inji, har ya sauka daga motar muryar ba ta sauko ba. Tun a gareji aka laƙaba masa Lasifika, sunan ya biyo shi har gida. Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ɗinki nake yi, kuma ko kekena na gudu ina jin sallamarsa tun daga bakin titi.

Taka kulocin mota ne ya cinye masa gwiwar hagu. Da likita ya ce ya bar doguwar tafiya, sai ya kama wani ɗan shago ya buɗe makarantar koyon tuƙi. Mota ɗaya ce tal, da tebur, da benci, da wata babbar takarda a bango mai ɗauke da alamomin hanya, rana ta cinye mata launi. Ɗalibansa sukan fito daga motar kunne na ƙugi, amma da wuya ka ji wanda ya faɗi jarrabawa. Mutum ne mai zuciya a fili. Idan yana son ka, unguwa za ta ji. Idan kuma ya ƙi ka, ita ma za ta ji.

'Yarsa ta ƙarshe ita muke kira Tsinke, don tun tana rarrafe babu komai a jikinta sai ƙafa. Ita kuma uwarta ta ɗauko, magana ɗaya sai ka roƙa. Tana da shekara goma sha ɗaya malamin wasanni na makarantarsu, wanda yara ke kira Koci, ya ga yadda take tsere wa maza a fili, ya sa ta cikin masu tseren ratsa daji. Mu a lokacin ba mu san ma akwai wani abu mai wannan suna ba. Ashe gudu ne na kilomita huɗu, ba a kan titi ba: a tashi daga filin ƙwallo, a bi gefen gonaki, a tsallaka wani rafi mai taɓo, a hau wani tudu mai tankin ruwa a ƙolinsa, a gangaro, a dawo fili. Duk wadda ta iso sai a miƙa mata kati mai lambar matsayinta.

Katinta na farko ashirin da uku aka rubuta. Yaya ya manna shi a bangon shago, ƙarƙashin alamomin hanya, ya hana ɗalibai uku darasi yana ba su labari. Na biyu sha biyar. Na uku sha ɗaya. Kai, mun sha murna! Duk ranar tsere sai in rufe shago, uwarta ta cika jarka da ruwa, mu cusa kanmu a motar koyo mai alamar ja gaba da baya. Wurinmu sananne ne, daidai bakin layin tashi, jikin igiya. Kafin mai usur ya kai shi baki Yaya ya riga ya buɗe maƙogwaro.

"Tsinke! Taka! Kar ki raga wa kowa! Nuna musu 'yar wace ce!"

Ni ma in ɗauka, uwarta na taya ni tsalle kamar mu ne za mu yi gudun. Ita kuwa sai ta fita kamar an harba ta. Kafin su bar fili ta ba ta biyu tazarar mota uku. Yaya ya juya ya kalli sauran iyaye, ƙirji a buɗe, yana cewa, "Kun gani? Tawa ce waccan!" Daga nan su shige bayan gonaki, mu yi ta jira wajen minti goma sha biyar. Sai ga su suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wata, sai wata, sai wata. Tamu sai can baya, fuska ta yi fari, ƙafa na harɗewa. Tara. Sha biyu. Goma. Tara kuma. Shekara biyu cur katin bai sake motsi ba.

Abin da ya sa lissafin ya dame mu shi ne, a ƙarshen kakar wasa ana yin tseren zaɓe, shida na farko su ake ɗauka su shiga babbar tawaga, su riƙa zuwa gasa a wasu garuruwa. Bana kuma ita ce shekararta ta ƙarshe a rukunin ƙanana. Idan ta wuce ta, sai rukunin manya, inda za ta tarar da 'yan matan da suka girme ta da shekara uku. Yarinyar da ba ta magana, sai ga shi na tsinci lamba shida ta rubuta a bangon littafinta, ta zagaye ta da biro har takardar ta huje.

Yaya ya fara neman mai laifi. Da farko takalmi ne, aka sake takalmi. Sannan ya ce wandon ya yi mata nauyi, na zauna na ɗinka wani da yadi marar nauyi, ina mita. Da duk wannan bai yi ba, sai ya tsaya kan magana ɗaya.

"Yanke ake yi," in ji shi. "Ta yaya yarinya za ta fita ta ɗaya ta dawo ta tara? Bayan tudun nan ake satar hanya. Ni direba ne, na san yanke."

Koci ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, mutum ne mai sanyin magana, amma wa ke jin sanyin magana kusa da Lasifika? Saura sati biyar tseren zaɓe aka yi wani ƙaramin tsere, Yaya ya ce ranar zai kama ɓarayi da hannunsa. Ya tsaya a bakin layi ya yi ihunsa kamar kullum, Tsinke ta fita a gaba kamar kullum, sai ya fizgi hannuna. Muka faɗa mota, ya zagaya ta titin baya, ya tsaya a gindin tudun tanki. Muka laɓe bayan wata bishiya, ni da ƙaton mutum mai ɗingishi, kamar masu fakon ɓarawon kaji.

Ita ce ta fara ɓullowa daga rafi, taɓo har gwiwa, ita kaɗai. Yaya ya matse mini kafaɗa har na ce wash. Ta kama hawan da irin dogon takun da ta fito da shi. Taku goma, ashirin, sai na ga kafaɗunta sun ɗaga, kai ya koma baya, baki a buɗe. Takun ya fara tsinkewa. Sai ga sauran sun iso a dunƙule, suna ɗan gajeren taku, ƙwas ƙwas ƙwas, kai a sunkuye. Ta farko ta wuce ta. Ta biyu ta wuce. Na ƙirga takwas a kan idona, babu wadda ta taka ko ciyawar gefen hanya. Tamu ta kai ƙoli tana dafa gwiwa da hannu.

Yaya bai kira sunanta ba. Ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya ce, "Da giya lamba huɗu ta shiga hawa. Injin ya tafasa."

Washegari ya tara mu ya ce kowa ya shiga mota. Ya sa Tsinke a gaba, ni da uwarta a baya, ya ƙara da jarkoki huɗu cike da ruwa a but. Na ce masa jarkokin na mene ne, ya ce lodi yake so, kuma da ya tuna ina ciki, da biyu ma sun isa. Na ce Allah ya isa, ni dai ba da kuɗinsa na yi ƙiba ba. Ya kai mu wata unguwa mai tsayayyen hawa, ya taho da gudu tun daga nesa, ya sa giya ta huɗu, ya tunkari hawan. Motar ta haura da ƙarfinta, sai ta fara kakari, ta yi karkarwa, sitiyari na rawa, ta shaƙe ta mutu a tsakiya. Ya ja birkin hannu.

"Kin ji ta?" ya tambayi Tsinke. "Ke ce nan jiya."

Ya koma da baya, ya sake tahowa a hankali, ya sa lamba biyu. Motar ta yi ta gurnani, ba sauri, ba tsayawa, har ta ɗora mu a sama. Sai ya ɓarke da lacca. Ya ce shekara ashirin da takwas yana hawa da buhun siminti ɗari shida a bayansa, bai taɓa ganin direban kirki ya ƙone mansa a miƙaƙƙiyar hanya ba alhali ya san akwai hawa a gaba. Ya ce masu wuce ka a shimfiɗa suna danna hon, su ne za ka tarar a gefen tudu an buɗe musu inji yana hayaƙi. Gajeren taku, numfashi a jere, sai an ga ƙoli a canza giya. Gaskiya maganar ta yi ma'ana, har ni na gyaɗa kai.

Tsinke tana wasa da igiyar takalminta. Can ta ce, "Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Koci ya faɗa mini ya fi sau ɗari. Kullum da niyyar haka nake zuwa."

"To me ke fizgar ki?"

Ta ja igiyar takalmin ta ɗaure. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Muryarka. Idan na ji kana ce wa mutane tawa ce waccan, ba na iya bari wata ta wuce ni kana kallo. A can ne kawai kake ganina. A tudu ba ka nan."

Wallahi sai da na ji abin a ƙirjina, don ni ma da bakina a cikin ihun. Uwarta ta juya tana kallon taga. Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idanunsa suka yi ja. Ya tayar da mota ya kai mu gida, ko rediyo bai kunna ba.

Kwana biyu bayan haka ya je makaranta da ƙafarsa ya nemi Koci, ya zauna a benci kamar ɗalibi ya saurara. Koci da kansa ya faɗa mini, yana dariya, wai sai da ya taɓa goshinsa ya ji ko zazzaɓi ne. Daga nan duk safiya kafin ɗalibai su zo, Yaya zai kai ta gindin wannan hawan, ya zauna a kan bonet da agogo a hannu. Ta hau, ta sauko, ta hau. Ba ya ihu. Yatsu biyu kawai yake ɗaga mata, wato lamba biyu. Shirun nan ya fi ciwon gwiwa ba shi wuya, sai ya je shago ya sauke shi a kan ɗalibai, har wata mata ta ce ita ta fasa koyon motar.

Ranar tseren zaɓe ya kafa mana doka tun a ƙofar gida. Babu mai kiran sunanta a wajen tashi. Babu tsalle. Ya kalle ni musamman ya ce, "Ke nake nufi." Na ce ji mai magana. Ya ajiye mu a bakin fili, ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗaukar masa shigowarta, don tawa ba ta da wuri. Shi kuma ya zagaya titin baya, ya bar motar a ƙasa, ya ja gwiwar nan ya hau tudun da ƙafa, tun kafin a fara.

'Yan mata arba'in da ɗaya suka jeru. Na ga Tsinke ta waiga wajen igiya, inda ubanta ya saba tsayawa, ta ga babu shi. Ta ja dogon numfashi. Aka busa usur.

Jama'a, ban taɓa sanin shiru aiki ne ba sai ranar. Na cusa gefen mayafina a baki na cije. Suka kwasa a guje, tamu na tsakiyar taro, ta sha bakwai ko sha takwas, tana tafiya kamar wadda aka aika sayen allura. Wata mata a gefena, wadda ta saba ganin mu, ta ce, "Ikon Allah, yau ƙafar 'yar taku ta yi sanyi ne? Ina mai lasifikar?" Da ba don uwar yarinyar ta riƙe mini hannu ba, da ranar an yi wani tseren a filin nan. Suka shige bayan gonaki. Muka tsaya muna kallon tankin ruwa can nesa, ɗan ƙarami kamar gwangwani.

Abin da ya faru a can, daga bakinsu biyu na haɗa shi daga baya. Ta fito daga rafi ta sha uku. Ta hango shi a ƙoli, jikin tanki, hannu a sama, yatsu biyu. Ta rage taku, ta sunkuyar da kai. Waɗanda suka ƙone mansu a gefen gonaki suka fara kakari, ita kuwa ƙwas ƙwas ƙwas. Ta wuce ɗaya. Ta wuce biyu a tare. Yaya ya ce sai da ya toshe bakinsa da hularsa, hawaye na zuba don tsabar riƙe murya. Ta wuce ta huɗu, ta wuce ta biyar. Ta taka ƙoli ta takwas, numfashinta a jere, ta zo daidai inda yake.

Mu dai a fili ba mu ga komai ba. Ji muka yi. Daga can saman tudu, tazarar kusan kilomita guda, wata murya ta tsago iska ta sauka a kanmu:

"Tsinkeee! Sa lamba huɗu! Hanya taki ce!"

Duk filin ya juya. Mai usur ya dafa ƙirji. Matar nan ta gefena ta ce, "Au, ashe yana nan." Ni kuwa na tofar da mayafi na ce doka ta faɗi, na fara tsalle tun ba a ga kowa ba.

Ta farko ta shigo fili, ta biyu, ta uku da ta huɗu a tare. Sai fili ya yi wayam na ɗan lokaci. Sai ga uku sun ɓullo a jere, kafaɗa da kafaɗa, ta tsakiya doguwa siririya cikin wandon da na ɗinka da hannuna. Gurbi biyu, mutum uku! Uwarta, matar da shekara ashirin ban ji ta ɗaga murya ba, sai ga ta tana bin igiya a guje tana kururuwa, takalmi ɗaya a ƙafa. Saura taku hamsin ta dama ta fara ja baya. Saura ashirin Tsinke ta buɗe ƙafafun nan da Allah ya ba ta, dogon takun da take ɓarnatarwa a farkon tsere shekara biyu, yau ga shi da sauransa. Ta tsallaka layi gaban ɗayar da rabin taku. Aka miƙa mata kati. Biyar!

Na rungume Koci, na rungume matar da na so in doka, na rungume wani tsoho da ban sani ba. Sai na tuna da waya. Na duba, minti uku cur na ɗauka na ƙasa da yatsun ƙafata da ihuna. Kuma wayarsa ce a hannuna, ba yadda za a kira shi. Muka juya wajen tudu, ni da uwarta da Koci, muka haɗa baki muna ihu, "Biyar! Ta biyar!" Mu uku muryarmu ko gonar farko ba ta tsallaka ba. Can jikin tanki muna hango ɗan ɗigo, bai motsa ba. Shi dai ta takwas ya gan ta, bai san komai bayan wannan ba.

Tsinke ta kurɓi ruwa sau biyu, ta ajiye kofin. Ta juya ta kama hanyar da ta fito, da ɗan gudunta. Muka bi ta a baya, ni ina haki ina tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro tudu.

Da muka isa, yana zaune a kan dakalin simintin tanki, ƙafar hagu a miƙe, gwiwar ta kumbura ta cika wando. Ashe ya gwada saukowa ƙafar ta ƙi. Tsinke na tsaye gabansa, taɓo ya bushe mata a ƙauri, ta miƙa masa katin da hannu biyu. Ya karɓa. Ya nisantar da shi daga ido don bai zo da tabarau ba, ya matso da shi, ya sake nisantarwa.

"Baba," in ji ta, "a wajen tashi na kasa kunne ban ji ka ba. Sai na ce to yana sama yana jirana, bari in kai masa da saura."

Ya buɗe baki. Na toshe kunne ɗaya, na san abin da ke tafe. Amma abin da ya fito ko ni da ke taku uku sai da na matso.

"Injin bai tafasa ba?"

"Bai tafasa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya share fuska da hular da ya cije ɗazu. Wannan katin bai je bangon shago ba. Ya zaro tsohon lasisinsa na tirela daga aljihun gaba, wanda ya daina aiki tun shekara shida amma bai taɓa fita babu shi ba, ya zura katin a cikin jakar lasisin, ya mayar aljihu ya dafe da tafin hannu. Sannan ya miƙa wa Tsinke ɗaya hannun, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashinsa, suka fara gangarowa a hankali, da gajeren taku.